Abin da Na Baro a Tarabulus

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga ubanka Mahamman majemi, zuwa ga ɗana Alasan, a sansanin Nasara da ke bayan gari. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ƙasar da za ka taka ta yi maka sanyi.

Bayan haka, ƙanenka ya faɗa mini ayarinku zai tashi bayan Juma'a, kuma ba za su bari ka sake shigowa gari ba. Kumandan Nasara ya ga jar fatar da ka jeme, ya ce kai da Usmanu baduku za ku haye teku zuwa ƙasarsu, inda za su tara majema da dukawa na ƙasashe da yawa, kowa ya nuna yadda yake aikinsa. Ba a tambaye ni ba, kai ma ba a tambaye ka ba. Tunda ba ni da ikon hana tafiyar, bari in ba ka abin da nake da shi. Ni ma na taɓa zuwa irin wannan taro. Ka sha jin mutane suna cewa ubanka ya je Tarabulus, amma ba ka taɓa ji daga bakina ba, domin ba labari ne mai daɗin faɗa ba.

Kana goye a lokacin. Wani attajiri Bagadamashe, Balaraben arewa mazaunin Tarabulus, wanda yake sayen fatun ƙasashenmu yana aikawa hayin teku, ya shiga damuwa. Fata takan bar hannunmu ja wur, sai ta isa can da baƙaƙen ɗigo da fumfuna, a mayar masa da ita. Sai ya aika Kano da Kukawa da Murzuƙ da Fas da nan Agadas, ya ce kowane gari ya turo masa gwanayensa su zauna wuri guda su gano inda cutar take. Dattawan majema suka zaɓe ni, suka zaɓi abokina Agali, wanda muka tashi tare tun muna ɗebo wa iyayenmu bagaruwa.

Ranar da za mu tashi, uwarka, Allah ya jiƙanta, ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Maigida, da ka ɗan zauna mu yi magana." Ni kuwa hankalina yana wajen raƙuma da mutanen da suka taru rakiya. Na ce mata, "Wace magana? Kafin ayarin gishiri ya dawo daga Fachi ina gida." Na fita ban ko ɗauke ka ba. Ayarin gishiri ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ban iso ba. Maƙwabta suka ce mini duk ranar da aka ji kukan raƙuma a ƙofar gari sai ta yafa mayafi ta fita da kai. Da na dawo kana gudu da ƙafarka, ka gan ni ka ɓuya a bayanta kana kuka. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma daga nan har ta koma ga Allah, ko kasuwa na ce zan je in dawo kafin azahar, sai ta ce, "To," irin "to" ɗin da ake ce wa yaro.

Saboda haka ka aika wa matarka Mariyama magana ta bakin ƙanenka, magana mai tsawo, ba gaisuwar kan hanya ba. Kada ka yanka mata rana. Hanya ba taka ba ce, jirgin ba naka ba ne. Ka ce mata ta yafe maka, kai ma ka yafe mata.

Hanyar arewa ba sai na ba ka labarinta ba. Mun bi ta Gat, mun isa Tarabulus fatar bakinmu ta tsage. Attajirin ya sauke mu a wani babban gida kusa da teku, an haƙa ramukan jima a tsakar gidan. Sharaɗin shi ne kowa ya jeme fata yadda ya gada, a ajiye su a ɗakin da iskar teku ke shiga, a ga ta wa za ta lalace.

A zaman farko aka shimfiɗa fatun da kowa ya zo da su. Akwai dattawa masu furfura a wurin, amma ni na fara miƙewa. Ƙuruciya ce da jin cewa babu ja kamar jan Agadas. Na ɗauki fatar wani dattijo Babarbare mai suna Modu, na shinshina, na ce, "Wannan ba ta ƙoshi da bagaruwa ba." Mai fassara ya juya maganar zuwa Larabci, sai na ga tsakar gida ta fashe da dariya. Na ji daɗi, na ɗauka gwanintata ce ta burge su. Daga baya na sami labarin abin da ya faɗa: wai na ce fatar tana warin mai ita. Modu ya karɓi fatarsa ya naɗe a hankali, ya koma wurin zamansa. Ko da na ji gaskiyar abin, ban je na ba shi haƙuri ba. Na ce a raina ai ba ni na faɗa ba.

Da aka buɗe ɗakin ajiya bayan wani lokaci, fatun kowa sun yi ɗigo. Nawa har sun fi na Modu.

Kai za ka yi magana ne ta bakin wani daga safe har yamma. Ka sani duk kalmar da ta bar bakinka ta shiga hannun mutumin da ba ka san zuciyarsa ba. Ka taƙaita. In za ka soki aikin wani, kada ka yi a gaban taro, ka same shi a bakin raminsa ka nuna masa da yatsa. In ka ga an yi dariya alhali ba ka faɗi abin dariya ba, ka tsaya ka tambaya. Kuma kada ka zama na farkon miƙewa. Wanda ya yi magana a ƙarshe ya ji ta kowa.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. A cikin mutanen Murzuƙ akwai wani Sidi Umar. An ce majemi ne, amma tafin hannunsa fari ne sol, babu rinin bagaruwa a farcensa, kuma ban tsaya na yi tunani a kan haka ba. Yana jin Hausa kamar a Kano aka haife shi. Ka san yadda baƙo yake in ya ji harshensa a bakin wani a ƙasar da ba ya gane ko kiran mai ruwa. Bayan la'asar sai ya zo ya ja hannuna ya ce, "Taso, Ba'agade, bar wa tsofaffi warin rami." Mu tafi wata rumfar gahawa da ke kallon jiragen ruwa. Can ake haɗuwa da sauran baƙin taron, ana shan gahawa a ƙananan finjalai, ana ba'a, kowa yana yabon garinsu. Ban taɓa jin daɗin zama irin wannan ba, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin Fas yana kwaikwayon tafiyar Turkawa, Bakano yana rantsuwa cewa marinar garinsu ta fi tekun nan zurfi. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Sidi Umar kuwa gwanin tambaya ne. "Wai da gaske ne a Agadas akwai mai raƙuman da ba ya iya ƙirga su?" Sai in gyara zama in ce, "Ɗaya? Bari in lissafa maka." Na kira masa sunayen masu dukiyar unguwarmu ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa masa kwarin da suke kai raƙuma kiwo in an ji ƙishin-ƙishin hari. Na faɗa masa rijiyoyin da gari yake sha, da wadda ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Ba a doke ni ba, ba a saye ni ba. So nake kawai a san garinmu ba ƙaramin gari ba ne. Shi kuma yana ta cewa, "Masha Allah, masha Allah," yana ƙara mini gahawa.

Agali ya taɓa ce mini, "Mahamman, mutumin nan bai taɓa tambayarka yadda kake jiƙa karan dafi ba. Majemi ne kuwa?" Na ce masa hassada yake yi domin ba a gayyatarsa.

Shi Agali yana can bakin rami tare da Modu da wasu, ba mai jin harshen wani sosai, hannu ne ke magana. Su suka gano cewa cutar ba a jima take ba. Man shanun da muke shafa wa fata ne yake ruɓewa in ya sha laimar teku, ga shi kuma ana ɗaure fatun tamau tun ba su gama shan iska ba. Ranar da suka gano ina rumfar gahawa. Agali ne ya zaunar da ni ya koya mini, ya nuna mini yadda za a rage man, da irin wanda ya kamata a sa, da yadda za a bar fata ta bushe a inuwa. Abin da na koya maka ke nan, wanda kumandan ya gani ya yaba. Ba nawa ba ne, na Agali ne.

Ba zan ce kada ka zauna da mutane ba. Wanda ya je taro ya ƙunshe kansa a ɗaki, gara bai je ba. Ka ci abinci da su in ya halatta, ka yi dariya da su. A cikin Nasaran ma za ka ga masu baƙin farce irin naka, waɗanda bayansu ya tanƙware a kan fata. Su ne danginka a can, ka zauna kusa da su. In sun tambaye ka sana'a ka faɗa, kai ma ka tambaya, ilimi ba ya ƙarewa don an raba shi. Amma wanda ya tambaye ka wane ne mai dukiya a garinku, wa ke gunaguni, wa ke zuwa gidan wa, ka ce masa kai majemi ne, rami ka sani. Ka dubi hannun mutum kafin ka saurari bakinsa.

Ana gab da watsewa zazzaɓi ya kama Agali. Da farko yana fita aiki da shi, daga baya ya kwanta. A daidai lokacin attajirin ya shirya walimar sallama a lambunsa da ke nesa da gari, wurin da sai an kwana. Sidi Umar ya zo da jakuna biyu, ɗaya nawa. Na leƙa ɗaki na ce, "Yaya jikin?" Agali ya ce, "Da sauƙi." Sai ya riƙe bakin rigata ya ce, "Dole ne ka je?" Na ce, "In ba ɗayanmu a wurin, za a ce mutanen Agadas ba su san godiya ba." Ya saki rigar ya ce, "Haka ne. Je ka." Na ajiye masa ruwa a kusa da kansa na fita. Na ga idonsa ya yi rawaya, na gani sarai, amma na ce wa kaina gobe ma rana ce.

An yanka raguna a lambun. An yi kiɗa. Attajirin ya yafa wa kowannenmu alkyabba, aka kira sunan Agadas, na miƙe na karɓi tawa da ta Agali. Aka ce a ƙara kwana, na ƙara.

Da na dawo na tarar da ɗakin a share, an naɗe tabarmarsa an jingine. Modu yana zaune a bakin ƙofa. Bai je walimar ba, ashe tun ranar da na fita ya ji nishi ya shiga. Shi ya riƙa ɗiga masa ruwa a baki, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, shi ya wanke shi, ya nemo mutanen da suka sallace shi. Da ƴar Hausarsa ta kasuwa ya ce mini, "Abokinka ya kira ka. Na ce kana hanya." Ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wurin. Ina tsaye da alkyabba biyu a hannu. Na kama hannunsa ina neman gafarar abin da ya faru ranar farko, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya wuce. Ka yi masa addu'a."

Da na iso gida na kai wa uwar Agali wuƙarsa ta aiki da alkyabbar. Ta shafa wuƙar, ba ta taɓa alkyabbar ba. Ta ce, "Mahamman, wa ya rufe masa ido?" Na ce, "Inna, wani Babarbare ne." Ta ce, "Kai kana ina?" Na faɗa mata. Sai ta ce, "Allah ya yi wa Babarbaren albarka." Ta rayu shekaru bayan haka, kullum ina gaishe ta tana amsawa, amma ba ta sake kiran sunana ba.

Alasan, Usmanu baduku ba abokinka ba ne sosai, na sani, har kun taɓa samun saɓani a kan fata. Ka manta da wannan tun daga ƙofar gari. A can ba ka da wani ɗan'uwa sai shi. An ce ƙasar Nasara sanyi gare ta irin wanda ba mu sani ba, shi kuma ƙirjinsa ba ƙarfi. In ya yi tari ka ji. In ya ce da sauƙi kada ka yarda, ka dubi idonsa. In ya kwanta, ko sarkinsu ne ya kira walima, ka ce ba ka zuwa. Babu wanda zai tuna wa ya halarci walima. Uwar Usmanu kuwa tana nan da rai, gidanta yana kallon namu.

Sauran labarin ka ga ƙarshensa da idonka, sai dai ba ka san farkonsa ba. Ka tuna shekarar da Nasara suka fara sauka daga arewa da mayaƙansu masu jajayen huluna, raƙumansu sun mutu a hanya, suka tsare rijiyoyi suka ce ba mai ɗiban ruwa sai an kawo musu dabbobi? Kana yaro, kai ka riƙa kuka da ƙishirwa a ɗakin uwarka. A cikin masu yi musu ja-gora akwai Sidi Umar. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari. Har majema ya zo nemana, a gaban mutane ya rungume ni ya ce, "Abokina na Tarabulus! Ka ga ban manta da kai ba." Bai manta da komai ba. Gidajen da na lissafa masa, su aka fara bi. Kwarin da na faɗa masa, can aka je aka koro raƙuman. Maƙwabcinmu Alhaji Bubakar, wanda ya yanka ragon sunanka, ya wayi gari ba shi da ko akala, bai ƙara shekara ba a duniya.

Na sha gaya wa kaina cewa ko ban faɗa ba wani zai faɗa, mai bindiga ba ya rasa mai nuna masa hanya. Wataƙila haka ne. Amma ni na faɗa, a kan gahawa, ina dariya. Magana ba ta ruɓewa kamar fata, ɗana. Tana iya kwanciya shekara da shekaru a cikin kan wani, ranar da ya buƙace ta ya ɗauko ta sabuwa.

Abin da muka gano a Tarabulus ma bai daɗe yana amfani ba. Hanyar arewa ta mutu, ayari ya daina zuwa, yanzu an ce fata ta kudu take bi a jirgin ƙasa. Attajirin ya rasu, Modu ban sake jin labarinsa ba tun da yaƙi ya ci garinsu. Kullum ina sa shi a addu'a tare da iyayena.

Ƙasar da za ka ban san ta ba, ba zan yi maka wa'azi a kan abin da ban gani ba. Ina jin tsoron kada su zaunar da ku mutane suna wucewa suna kallonku kamar jiminai. In haka ta faru kada ka yi fushi, kada kuma ka yi musu wasa don su yi dariya. Ka sunkuyar da kai ka yi aikinka da kyau. Ka riƙe salla ko da ba ka gane gabas ba, ka tambayi inda rana ke fitowa. Abin da ba ka san yankansa ba ka bar shi, ka ci gurasa da kifi. In sun yabe ka ka yi godiya, amma kada yabon ya zaunar da kai. In an ce ga hanyar gida, ka tashi a ranar.

Na haɗo maka dabino da cuku da ɗan gishiri, ka raba da Usmanu. Idona ya yi rauni, ƙafata ba ta kai ni bayan gari, don haka ba za ka gan ni cikin masu rakiya ba. Ba fushi ba ne. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini. Ramin jimarka zan riƙa zuba masa ruwa kada ya tsage. In na kasa, na riga na faɗa wa ƙanenka ya ci gaba.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin ruwa da sharrin sanyi da sharrin mai daɗin baki. Allah ya haɗa ku da mutanen kirki a inda ba ku san kowa ba. Allah ya dawo da ku ku biyu, a kan ƙafafunku, zuwa ga iyalanku. In da rabon mu gana, alhamdu lillahi. In babu, Allah ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam. Ubanka, Mahamman.